Amsoshin tambayoyinku kan MAME: kafin ka ciro kuɗi, buɗe baƙin allon nan tukuna

Assalamu alaikum jama'a. Wasiƙun wannan makon kusan duk kan MAME ne, manhajar nan da ke kwaikwayon tsofaffin injunan gem na jefa kwabo a kwamfuta. Na taƙaita tambayoyin saboda wasunku labari kuke kawowa tun daga haihuwa. Mu je.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam na sauke MAME a laftof ɗina, an ce sai na rubuta wasu umarni a baƙin allo kafin ta yi daidai, ni kuma tsoro nake kar na lalata kwamfutar don da ita nake furojet. Wani abokina ya ce in ba shi dubu biyar ya yi min setin. In ba shi?

Ƙanena kwantar da hankalinka, babu abin da za ka lalata, kuma kar ka ba shi ko sisi. MAME kyauta ce tun ranar da wani ɗan Italiya mai suna Nicola Salmoria ya fito da ita a watan Fabrairun 1997, har yau kuma a mamedev.org ake sauke ta ba a biyan komai. Duk abin da za ka rubuta ɗin nan a cikin foldarta yake zama, ba ya taɓa furojet ɗinka. Ka yi folda mai sauƙin suna kamar C:\mame, kar ka saka ta cikin Program Files domin Windows na hana rubutu a can sai ka ga setinka ba ya zama. Ka shiga foldar, ka danna sama inda adireshinta yake, ka rubuta cmd ka danna Enter, baƙin allon zai buɗe yana tsaye a cikin foldar. Sai ka rubuta

mame -createconfig

shikenan, zai haifar maka da fayil mai suna mame.ini, shi ne littafin setin gaba ɗaya, da Notepad ake buɗe shi. Ƙa'idar guda ce: a layin umarni ana sa ɗan layi a gaban kalma, kamar -window, in kana son kashewa ka ƙara no ya zama -nowindow, amma a cikin mame.ini babu ɗan layin, sai dai ka ga window 0 ka mayar da shi window 1. Kuma abin da ka rubuta a layin umarni shi ke rinjayar na cikin fayil, na wannan kunnawar kaɗai. Saboda haka ka riƙa gwaji a baƙin allo, in abu ya yi maka sannan ka rubuta shi a mame.ini ya zauna. In ka dagula fayil ɗin ma ka goge shi ka sake -createconfig. In PowerShell ne ya buɗe maka maimakon cmd to sai ka rubuta .\mame a farko. Dubu biyar ɗinka ka sa data da ita.

Tambaya daga Kano: Na samo Metal Slug da Mustafa amma in na kunna sai ya ce wasu fayil babu. A kasuwa wani ya ce MAME ɗina ce ba orijina ba, yana da filash mai gem dubu goma an gama setin komai, dubu ashirin da biyar. Ya ka gani?

To nan ne zan daɗe, don wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya. Babu wata MAME orijina da ake sayarwa. Duk wanda ya ce maka taka jabu ce tasa ce ta gaske to aljihunka yake kallo, ko kuma shi ma bai san abin da yake faɗa ba. Matsalarka ƙarama ce kuma MAME da kanta za ta gaya maka ita a kyauta. Rubuta

mame -verifyroms mslug

mslug shi ne gajeren sunan Metal Slug na 1996, shi kuma Mustafa da muke kira sunansa na gaskiya Cadillacs and Dinosaurs na kamfanin Capcom, 1993, gajeren sunansa dino. Umarnin zai ce maka is good ko is bad, ya jero sunan duk fayil ɗin da ya rasa. Ina kyautata zaton Metal Slug ɗinka neogeo.zip ya rasa, wato BIOS, manhajar da ke tada injin Neo Geo, duk gem na Neo Geo har da su King of Fighters ba sa tashi sai da shi a foldar roms, kuma a bar shi a zif ɗinsa kar a warware. Wasu gem na Capcom kuma fayil ɗin sauti na QSound suke nema. In ba wannan ba ne to zamani ne bai haɗu ba. Masu MAME lokaci-lokaci suna fitar da sabuwa, kuma in aka samu kwafin cif da ya fi na da inganci sai su canza abin da manhajar ke buƙata, saboda haka ROM, wato fayil ɗin gem, da aka haɗa don sigar 0.139, wadda ita ce ta tsohuwar MAME4droid ta waya, ba lallai ya tashi a sabuwar MAME ba. Na 0.78 ma haka, shi ne wanda wata manhajar kwaikwayo mai suna RetroArch ke kira MAME 2003. Lambar manhaja da lambar ROM su dace, magana ta ƙare. In gem ɗin suna wata folda daban kuma sai ka nuna mata hanya da -rompath "D:\gem na", da alamar zance in akwai fili a sunan, ko ka rubuta a mame.ini ka raba foldoji da alamar ; in sun fi ɗaya.

Yanzu maganar filash. Dan Allah jama'a ku riƙa lissafi. Kun san nawa filash na gaske mai giga 128 yake a yau, to in mutum ya ba ka shi a ƙasa da kuɗin mai giga 32 har da gem a kai, me kake tsammani? Akwai filash da mimori da ake yi wa coge su nuna babban girma alhali cikinsu giga 8 ne ko ƙasa, za ka ga sunayen fayil sun jeru reras, amma da an wuce ainihin girman sai sabo ya riƙa taka tsoho ko ya tafi iska, ka je gida ka kunna gem biyar ɗin da aka nuna maka a shago su yi, sauran duk is bad. Akwai manhaja ƙarama ta kyauta H2testw, daga Jamus, tana cika filash da bayanai ta sake karantawa ta gaya maka girman gaskiya. Tana ɗaukar lokaci, a filash wanda babu komai ake yi, amma mai kaya in ya ƙi yarda a gwada ko ya ƙi ba da sharaɗin dawowa to ka bar masa kayansa. Wannan ya shafi Farm Centre, ya shafi Beirut Road, ya shafi Computer Village ta Legas da masu talla a Facebook, ko'ina akwai na kirki akwai na banza, gwaji ne ke raba su ba rantsuwa ba.

Sannan ita kanta lambar dubu goman. Street Fighter II kaɗai yana da kwafi-kwafi da yawa, na Japan, na Amurka, na duniya, gyara na ɗaya na biyu, da na ɓarayin zamanin, rubuta mame -listclones sf2 ka gani da idonka. Mai talla duk ƙirga su yake a matsayin gem daban. Ka ƙara da injunan caca da na majon (wasan 'yan China) da waɗanda MAME da kanta ta rubuta ba sa aiki tukuna. In ka tace, waɗanda za ka buga da gaske ba su wuce ka ƙirga da yatsu ba, kowanne kuma 'yan megabait ne. Kuma filash da ya zaga kwamfutoci ɗari a kasuwa yana zuwa da tsarabar bairos, irin wanda ke mayar da folda shotkot, ga shi akwai fayil .exe a ciki da ba ka san wa ya taɓa shi ba. Mutum yana da manhajar banki da takardun aiki a laftof zai kunna wannan saboda Mustafa? Haba.

Akwai kuma maganar haƙƙi, ban iya tsallake ta. Manhajar kyauta ce amma gem ɗin dukiyar kamfanoninsu ce, mai filash haƙƙin wasu yake sayar maka. Shafin mamedev.org yana da wasu tsofaffin gem da masu su suka yarda a sauke kyauta don wasa a gida, irin su Gridlee da Robby Roto da wasu na kamfanin Exidy, sun isa ka koyi setin da su. In kuma dole sai ka kashe kuɗi, Capcom na sayar da tsofaffin gem ɗinta a Capcom Arcade Stadium tun 2021, Metal Slug ma ana sayar da shi a Steam. Gara kuɗin ya tafi inda ya dace.

Tambaya daga Kaduna: Tekken 3 yana jan ƙafa a desktof ɗina, sauti yana kakkatsewa. Zan sayi katin girafik tokumbo, wanne ya fi?

Babu ko ɗaya, ajiye kuɗinka tukuna. MAME da firoseso take aikin kwaikwayon injin, har zanen 3D ɗin ma firoseso ke yi, katin girafik aikinsa kawai ya ɗora hoton a sikirin da kwalliyar da ka zaɓa. Ka sa kati mai tsada a tsohuwar kwamfuta Tekken zai ci gaba da rarrafensa. Kuma ƙarfin kwa ɗaya, wato ɓangare ɗaya mai aiki a cikin firoseso, ya fi mata amfani a kan yawan kwa, kar a ruɗe ka da i7 ba a gaya maka wane ƙarni ba ne. Ga yadda za ka san gaskiya:

mame tekken3 -bench 60

zai gudu daƙiƙa 60 na gem babu hoto babu sauti, ya rubuta maka matsakaicin gudu da kaso. In ya fi 100 da tazara mai kyau to firoseson ya isa, matsalar a wajen nuna hoto take, sai ka gwada -video d3d ko -video opengl ko -video bgfx ka ga wanda injinka ya fi so, in ka kunna kwalliyar tsohuwar talabijin irin -hlsl_enable ka kashe ta. In kuma ƙasa da 100 ya ba ka to firoseso ne ya gaza. Za ka iya lallaɓawa da -autoframeskip, yana tsallake wasu hotuna don sauti ya daidaita, amma ba ya yin mu'ujiza. F11 a cikin gem yana nuna gudun a kusurwa. Kafin komai ma ka buɗe injin ka hure ƙurar fanka, ƙurar hunturun nan da zafin Afrilu suna sa firoseso ya rage gudu da kansa don kar ya ƙone. Masu laftof kuma ku lura, da an ɗauke wuta kun koma batir Windows na rage ƙarfi, gem da yake lafiya da caji sai ya fara jan ƙafa, ba lalacewa ya yi ba. Wannan umarnin na -bench ka tafi da shi kasuwa duk ranar da za ka sayi tokumbo, a gwada a gabanka.

Wani kuma yana tambaya wai akwai manhajar busta da aka ce tana ninka gudun MAME sau uku, a biya ta kati. Babu. Ƙarya ce. Wuce.

Wani daga Sakkwato: wane umarni zan rubuta in riƙa cin kowa a Mortal Kombat? Malam wannan ba tambayar sayayya ba ce. Akwai -cheat in kana da fayil ɗinsa, amma da abokinka kuke bugawa, ka koyi gem ɗin mana.

Tambaya daga wata uwa a Katsina: Yarana sun matsa sai na saya musu ƙaramar sandar gem da ake sokawa a talabijin, mai gem dubbai. Mahaifinsu ya rasu, kuɗin ba yawa, ina tsoron in saya ya lalace, ina kuma tsoron abin da za su gani a ciki. Akwai tsohuwar laftof ɗinsa a gida. Ban san komai a kwamfuta ba.

Hajiya Allah ya ji ƙansa, ya raya yaran ya yi musu albarka. Tsoron naki duka biyun yana kan hanya, kuma tambayarki ta fi ta maza da yawa hankali. Waɗannan sandunan yawanci tsohuwar manhajar kwaikwayo ce a ciki da mimori mai arha, in mimorin ya mutu komai ya tafi, kuma ba wanda ya zauna ya tace gem ɗin. A cikin manyan tarin nan akwai na caca, akwai ma na majon masu hotunan da ba su dace da yaro ba. Ni shawarata laftof ɗin nan ta isa. Gem na shekarun 1980 da farkon 1990 ba sa buƙatar ƙarfi. Abin lura ɗaya, sabuwar MAME ta Windows mai bit 64 ce, in laftof ɗin mai 32 ce sai a nemi 0.217 ta ƙarshen 2019 ko wadda ta girme ta.

Ki samu wani ɗan uwa amintacce ya zauna miki sau ɗaya. Ya zuba gem kaɗan waɗanda kika gani da idonki kika yarda da su a foldar roms, su kaɗai za su tashi. Ya yi wa kowanne shotkot a fuskar kwamfuta yadda yara za su danna kawai ba ruwansu da baƙin allo. A cikin shotkot ɗin ya ƙara -skip_gameinfo don kar bayanin farko ya tsayar da su, sannan ga wanda zai miki daɗi, -str 3600, wannan yana rufe gem da kansa bayan daƙiƙa 3600 wato awa ɗaya. Suna iya sake kunnawa, gaskiya ne, amma kin samu ƙararrawar lokacin Islamiyya da aikin gida ba sai kin yi ta faɗa ba. Maɓallan ma kaɗan ne, 5 jefa kwabo, 1 farawa, Esc fita. Kuɗin da za ki kashe bai wuce na fad biyu masu waya ba, wato abin riƙewa a hannu a buga gem, ki duba amsar da ke ƙasa kafin ki saya. In wani abu ya tsaya ki sake rubuto min, ba damuwa.

Tambaya daga Jos: Kibod ko fad ko sandar akeid? Na ga Sanwa a intanet da arha sosai.

Sanwa da Seimitsu kamfanonin Japan ne, su ke yin sanduna da maɓallan injunan gaske, kuma ana kwaikwayonsu sosai. In ka ga cikakken kit, sanda biyu da maɓallai da allon haɗi, a kuɗin da bai kai na sanda ɗaya ta gaske ba, to suna kawai ka saya. Ban ce na arhan ba ya aiki ba, yana yi na ɗan lokaci, amma ka saye shi da sunansa da kuɗinsa. Kibod kuwa matsalarsa biyu. Mai arha ba ya karɓar maɓallai da yawa a lokaci guda, mutum biyu a kibod ɗaya sai wani ya danna bai shiga ba a fara rigima. Na biyu, a tsarin asali maɓallin huɗu Shift na hagu ne, ka danna shi sau biyar a jere Windows ta fito da Sticky Keys a tsakiyar faɗa, ka kashe shi a setin ɗin Windows ko ka canza maɓallin. Ga mai matsakaicin aljihu fad mai waya ya fi, ba batir ba jinkiri. Ka soka shi kafin ka kunna MAME, ka tabbata joystick 1 ne a mame.ini, ka danna Tab ka tsara maɓallai, za su zauna a foldar cfg. In ɗan wasanka yana tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba, sandar ce ta saki, ƙara -joystick_deadzone zuwa 0.3 ko 0.4 ka gani. In sabon fad ne yake haka tun ranar farko kar ka rufa masa asiri da setin, mayar da shi. Shi ya sa nake cewa ku je da laftof shago, ku rubuta joy.cpl a Windows ku danna kowane maɓalli kafin ku miƙa kuɗi.

Tambaya daga mai gidan kallon ƙwallo a Maraɗi: Ina so in ƙara gem a babbar talabijin ranakun da babu wasa. Hoton yana barin baƙi a gefe, in an cika kuma mutane sun yi faɗi. Sannan wuta na yawan yankewa.

Malam baƙin gefen nan shi ne daidai. An yi gem ɗin ne don allon 4:3, talabijin ɗinka 16:9 ce, ka bar keepaspect 1 kar ka sayi wata na'ura don wannan. In hoto yana yagewa a tsakiya gwada -waitvsync, amma ka yi hankali da -syncrefresh, yana tilasta gem ya bi gudun talabijin, alhali ba duk gem ke gudu a 60 ba, Mortal Kombat ƙasa da 55 yake, sai ya yi sauri fiye da ƙima. Ka duba menun talabijin ɗin ka kunna Game Mode don rage jinkiri, wannan ya fi duk wani umarni tasiri. Ka sa -confirm_quit don kar yaro ya taɓa Esc ya rufe wa mutane. Shi -autosave a lokacin fita yake ajiyewa, kuma ga gem ɗin da suka yarda da shi kawai, in wuta ta yanke kwatsam babu abin da zai ceto, saboda haka laftof mai batir mai kyau ya fi maka desktof. Sai dai maganar karɓar kuɗi fa, ka sani lasisin manhajar tun 2016 bai hana kasuwanci da ita ba, amma gem ɗin ba naka ba ne, waɗanda ake bayarwa kyauta a shafinsu ma sharaɗinsu ba na kasuwanci ba ne. Ka yi tunani a kan wannan kafin ka zuba jari.

Na ƙarshe, wani yana cewa 1942 da Galaga suna fitowa sirara a tsakiyar sikirin, ko ya sayi wani monita. A tsaye aka yi allonsu tun asali. In monitanka yana juyawa ka juya shi, ka yi fayil mai suna vertical.ini a foldar ini ka rubuta autoror 1 a ciki, in ya fito kai ƙasa ka mayar autorol 1, zai shafi gem masu tsayi kaɗai ya bar sauran. Ka kula Notepad kar ya ajiye maka shi da .txt a ƙarshe, in ya yi haka MAME ba za ta karanta ba. In monitan ba ya juyawa ka buga a haka.